Starlink a gidajen Yamai: kafin ka saya, lissafa wutarka

Tun da Starlink, intanet mai zuwa ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025, farantinsa ya yawaita a saman gidajen Yamai, musamman unguwannin bakin gari inda wayar fiba ta Niger Telecoms ba ta kai ba. Wajen gudu ba shi da laifi: kiran bidiyo, karatu ta intanet da kallo a wayoyi da yawa lokaci guda duk yana ɗauka. Inda yake ba da wahala shi ne cin wuta.

Babban samfurin, Standard, yana jan wat 75 zuwa 100, wato kusan kilowat-awa 2 a kwana ɗaya. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da wutar Nigelec ke yawan ɗaukewa, nan ake gane haka. Batir mai volt 12 da 100Ah yana riƙe wat-awa 1200, amma irin mai dalma a ciki rabi kawai ake sha in ana so ya daɗe. Ka cire abin da na'urar juya wuta ke ci, da ƙyar ya kai ka awa 6. Ƙaramin, Mini, wat 25 zuwa 40 yake ja, kuma yana karɓar wutar batir kai tsaye, don haka batir ɗin nan zai iya kai shi awa 15. Ga gida mai ƙaramar sola, Mini ne zaɓina.

Sai dai Mini yana da nasa cikas: akwatin wifi a jikin farantin yake, farantin kuwa a waje. Rufin siminti mai ƙarfe ko na kwano yana kashe rezo kafin ya iso falo. Maganinsa a jawo waya Cat6 daga faranti zuwa wani akwatin wifi a tsakiyar gida. Tana kai mita 100 ba tare da rauni ba. A sa ta cikin bututu, don rana tana gasa robarta, kuma kada a bi da ita ƙarƙashin ƙofar ƙarfe. Wifi yana da tasha biyu: ɗakunan nesa su hau 2.4 GHz, shi ya fi ratsa bango; 5 GHz na wanda ke kusa ne.

Wurin kafawa ma ba na wasa ba ne. Manhajar Starlink tana duba sama da kyamarar waya ta nuna abin da ya tare. Reshen dogon yaro ɗaya ko tankin ruwa ya isa ya riƙa yanke kira. A ɗaure farantin da ƙusa mai noti, ba a danne shi da bulo ba, domin iskar da ke gaban hadarin damina ba ta barin abin da ba a ɗaure ba. Ruwa mai ƙarfi na Agusta kan rage gudu ko ya yanke na ɗan lokaci. Ƙurar hunturu kuwa shafewa da tsumma ta wadatar.

Gidan da buƙatarsa WhatsApp ce da ɗan kallo, akwatin 4G na Airtel, Moov Africa ko Zamani ya ishe shi, ga ƙarancin cin wuta. A gwada layin kowanne cikin ɗakin da ƙarfe 9 na dare, lokacin cunkoso, kafin a biya.