Neman Sammacin Kamu a Amurka: Wace Ƙofa Za Ka Fara Ƙwanƙwasawa, Wacce Ce Asarar Kuɗi

Ranar wata Lahadi da daddare ƙanen wani abokina, direban tasi, ya bugo mini waya murya na rawa. "Yaya, an ce wanda bai je kotu ba sunansa na shiga kwamfutar 'yan sanda. Ni kuwa tikitin laifin tuƙi na bara ban je kotu ba, na tashi daga gidan, takardar ta tafi tsohon adireshi. Ga shi ina so in je gida Sallah." Ya riga ya zaro katin banki zai biya wani shafin intanet da ya yi masa alkawarin cikakken rahoto cikin minti biyar. Na ce ya mayar da katin aljihu tukuna.

Kafin mutum ya kashe ko sisi, ya san abin da yake nema. Sammacin kamu iri biyu ne ya fi yawa. Akwai wanda alƙali ke sa wa hannu bayan ɗan sanda ya yi rantsuwa ya kawo dalilin zargi mai ƙarfi, kamar yadda gyara na 4 na kundin tsarin mulkin Amurka ya shimfiɗa tun 1791. Akwai kuma wanda alƙali ke bayarwa daga kan kujerarsa saboda an kira ka ba ka zo ba, ko an ci ka tara ka yi shiru. Na biyun nan shi ya fi cin mutanenmu, masu tasi da masu kai saƙo, kuma ba ya tsufa. Shekara goma yana nan kwance, sai ranar da aka tsayar da kai saboda fitilar baya ta mutu. A 2017 manyan masu gabatar da ƙara na Bronx da Brooklyn da Manhattan da Queens, a birnin New York, sun soke tsofaffin sammaci sama da 600,000 na ƙananan laifuffuka da suka haura shekara 10. Dubi yawan mutanen da ke ta harkokinsu da igiya a ƙafa, da yawansu ba su ma sani ba.

Matsalar ita ce babu rumbu guda da talaka zai leƙa. Amurka na da gundumomi sama da 3,000, kowacce da tsarinta. Hukumar binciken laifuffuka ta tarayya, FBI, na da babban rumbu na ƙasa, NCIC, amma jami'an tsaro kaɗai ke shiga. Saboda haka duk wanda ya ce maka zai bincika maka ƙasar gaba ɗaya da dannawa ɗaya, romon baka ne.

Ƙofar farko kyauta ce: shafin ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, na gundumar da abin ya faru, da shafin akawun kotu. Lura, gundumar da aka ba ka tikitin, ba wadda kake kwana ba. Jihar Florida na da shafin jiha na mutanen da ake nema. Maryland na da shafi guda da ake duba shari'un kotunan jihar ba tare da biyan komai ba. A New York akwai WebCrims, wanda ke nuna shari'un laifi da ke da ranar zama nan gaba. Texas kuwa sai ka yi hattara, domin kotun birni daban, ta gunduma daban. Mutumin Houston na iya duba shafin gundumar Harris ya ga wayam, alhali sammacin tikitinsa na ajiye a kotun birni.

A nan ne sunayenmu ke ba mu wahala. Muhammad ɗaya na iya zama Mohammed a lasisi, Mohamed a tikiti, ɗan Maraɗi ko Damagaram kuma Mahamadou a fasfo. Wani lokaci ɗan sanda ya juya sunan uba ya zama na farko. Ka gwada kowane rubutu, ka juya sunan gaba da baya. Sai kuma ranar haihuwa: da yawa cikin baƙi takardunsu na ɗauke da 1 ga Janairu, don haka haɗuwar suna da ranar haihuwa ba ta isa ta tabbatar kai ne ba, ba ta kuma isa ka ce ba kai ba ne. Dubi lambar shari'ar, da shekarar, da sunan kotun. Idan an rubuta adadin beli a gefe, shi ne abin da za a nema kafin a sake ka. Idan an rubuta babu beli, ajiye linzamin kwamfuta ka nemi lauya.

Rashin ganin sunanka a shafi ba wankewa ba ne. Wasu gundumomin ba sa saka sammaci a intanet sam, wasu na jinkirin sabuntawa, kuma sammacin babban laifi sau da yawa a rufe yake har sai an yi kamun, don kada wanda ake nema ya cika wandonsa da iska.

Ƙofa ta biyu ita ce waya zuwa ofishin akawun kotu. Ita ma kyauta, kuma ta fi shafin sabon labari. Ka tanadi lambar tikiti ko ta shari'a. Wasu akawun za su faɗa maka, wasu su ce sai ka zo da katin shaida. To a nan ka tsaya ka yi tunani. Shiga ofishin sherif da ƙafarka ka tambaya ko ana nemanka hanya ce da ke ba da amsa tabbatacciya, sai dai idan amsar "e" ce, a nan take za a iya sa maka ankwa, motarka na fake a waje mita na ci.

Sai shafukan kuɗi, irin su BeenVerified da TruthFinder da Instant Checkmate. Su suka fi kowa talla, su ne kuma na ƙarshe a lissafina. Ba rahoto ɗaya suke sayarwa ba, rajistar wata-wata ce, tana sabunta kanta har sai ka tuna ka soke. Abin da suke da shi kuwa tattaro shi suka yi daga takardun da kai ma za ka iya gani kyauta, wani lokacin tsoho. A Satumban 2023 hukumar kula da ciniki ta tarayya, FTC, ta sa TruthFinder da Instant Checkmate biyan dala miliyan 5.8, bisa zargin, a cikin wasu abubuwa, suna nuna wa masu bincike cewa mutum na da tarihin laifi alhali tikitin mota ne kawai a kansa. Amfaninsu ɗaya da na yarda da shi: idan ka yi yawon jihohi har ka manta inda ka zauna, jerin tsofaffin adireshi na iya tuna maka gundumomin da za ka bi.

Akwai hanyoyin tarayya biyu da mutane ke ruɗewa da su. Rahoton FBI na zanen yatsu dala 18 ne, kuma yana nuna kamun da aka taɓa yi maka. Ba don neman sammacin tikiti aka yi shi ba. PACER kuma, rumbun takardun shari'a na intanet da ake biyan santi 10 kowane shafin takarda, na kotunan tarayya ne zalla. Haka takardar kamu ta hukumar shige da fice, ICE, wadda jami'in hukumar ke sa wa hannu ba alƙali ba, ba za ka same ta a kundin gunduma ba.

Dillalan beli, masu tsaya wa mutum beli don lada, za su duba maka, galibi ba tare da karɓar komai ba, kuma sun san kotunan garinsu kamar yunwar cikinsu. Amma dillali ɗan kasuwa ne, fatansa a samu sammacin. Ladansa yawanci kashi 10 cikin 100 na belin, kuma ba ya dawowa ko an wanke ka. A Illinois da Kentucky da Oregon da Wisconsin ma babu wannan sana'ar, Illinois kuwa ta soke belin kuɗi gaba ɗaya a 2023.

Lauyan laifuffuka shi ya fi tsada, shi ne kuma kaɗai ke sayar da abin da ya wuce labari. Zai tambaya a madadinka ba tare da ka kai kanka ba, sirrinka na hannunsa bisa doka, kuma zai iya roƙon alƙali ya janye sammacin ya sa sabuwar rana. Idan dole ka miƙa kanka, zai shirya ka je da safe a ranar aiki, ba yammacin Juma'a da za ka kwana uku a tsare ba. Ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba, ban ga zaɓi a nan ba. Amsa laifi don a gama da wuri na iya taɓa takardar zama. Shi ya sa a 2010 Kotun Ƙoli, a shari'ar Padilla da Kentucky, ta wajabta wa lauya ya gaya wa wanda yake karewa idan amsa laifin zai jawo kora daga ƙasa. Ka tambayi lauyan tun a zaman farko ko ya san dokar shige da fice, ka kuma nemi kuɗin aikin a rubuce. Wanda aljihunsa bai kai ba ya kira ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa hali.

Wanda kuma ya bugo maka waya ya ce shi mataimakin sherif ne, akwai sammaci a kanka, ka sayo katin sayayya na kanti (gift card) ka karanto masa lamba, ɗan damfara ne, ko da lambar ofishin ce ta fito a wayarka. Kashe, ka nemo lambar kotun da kanka.

Ƙanen abokin nan nawa dai, a shafin gunduma ba mu ga komai ba. Sai da muka koma na kotun birni, muka cire harafi ɗaya daga sunansa, sannan ya fito: rashin halarta, da tara da ta hau. Washegari ya ɗauki lauya, aka janye sammacin, ya biya tarar. Na ce masa ya karɓi takardar janyewar mai hatimin kotu ya sa ta cikin fasfo, domin jami'an filin jirgi na duba rumbun ƙasa idan mutum ya dawo, kuma kwamfuta kan yi jinkirin gogewa. Sai da ya riƙe ta a hannu sannan ya sayi tikitin Kano.