Littattafan Dr Abraham Verghese guda uku da na saya, ra'ayina tsakani da Allah

Jama'a masu ta tambayata ko littattafan nan sun ci kuɗinsu, bari in amsa gaba ɗaya. Uku na yi oda a wajen wani mai sayarwa a Instagram, My Own Country da The Tennis Partner da Cutting for Stone, duk na likitan nan ɗan asalin Indiya da aka haifa a Addis Ababa a 1955, yanzu yana koyarwa a Stanford a Amurka.

Na farkon ba laifi, labarin aikinsa ne a Johnson City ta jihar Tennessee lokacin da ƙanjamau ta fara ɓulla, samari su kamu a manyan birane su dawo gida jinya kowa na gudunsu. Na tanis ɗin kuwa mai sayarwar ce min ya yi tarihin wasanni ne, shi ya sa ma na ɗauko don ƙanina mayen wasanni, ashe labarin abokinsa ne a El Paso, ɗalibin likitanci tsohon ɗan wasa da hodar ibilis ta cinye. Yaron ko rabi bai kai ba ya jefar, ni na ƙarasa, kuma gaskiya ya taɓa ni.

Cutting for Stone ne ya hana ni barci. Tagwaye ne, Marion da Shiva, aka haife su a wani asibitin mishan a Addis, uwar sistar coci ce ta rasu wajen haihuwarsu, uban likitan tiyata Bature ya tsere, wasu likitoci biyu 'yan Indiya suka raine su. Har yunƙurin juyin mulkin da aka yi wa Sarki Haile Selassie a 1960 ya saƙa a ciki. Amma ni abin da ya kama ni maganar yoyon fitsari ce. Akwai wajen da aka kawo wata yarinya ƙarama, babanta na riƙe da ita, fitsari na bin ƙafarta mutane na toshe hanci, wallahi sai da na ajiye littafin na yi shiru, don ni ungozoma ce, irin wannan yarinyar na sha karɓarta a dutin dare, an bar ta tana naƙuda a gida kwana da kwanaki, kan jaririn ya danne mafitsara har wajen ya ruɓe ya huje, jaririn ma yawanci ba rai. Marubucin nan ya san aikin, ba ji ya yi a bakin wani ba. A lokacin da an tambaye ni tauraro biyar zan ba shi ba ko tunani.

To ana cikin haka, labari ya ɗau zafi Marion na shirin gudu daga Habasha, ina juya shafi sai na ga na koma babin da na riga na wuce. Na zaci barci ne a idona. Ashe an maimaita wani ɓangare ne sukutum, wanda ya kamata ya zo wajen babu shi, kawai sai ga Marion a New York ban san ta inda ya bi ba!! Sai a sannan na lura takardar ma shara-shara ce kamar ta ƙunshin ƙosai, rubutun baya na leƙowa ta gaba, gam ɗin ya fara saki. Bugun jabu ne aka sayar min a kuɗin orijinal.

Na tura wa mai sayarwar hoto, wai "Hajiya haka suka zo mana", da na matsa sai wai in ƙara kuɗin waybil ya canza min, daga nan bai sake buɗe saƙona ba.

Kuma tunda raina ya ɓaci bari in faɗa, shi ma marubucin yana da jan zance, bayanin tiyata ɗaya sai ya ci shafuka, wanda ba ma'aikacin lafiya ba zai gaji, Turancin ma ba na wasa ba ne. Ƙarshen da ya yi wa Shiva kuwa har yau ban yafe ba. Tauraro uku da rabi. In za ku saya dan Allah ku sa a yi muku bidiyo ana buɗa shafukan tsakiya kafin ku tura ko sisi.