Sharhi: hayar keke da zagayen gonakin inabi na Bourgogne, ga wanda ba ya shan barasa

Duk wanda ya ji an ce zagayen keke a gonakin inabin Faransa zai ɗauka harka ce ta mashaya. Kamfanin da na yi hayar keke a wurinsu ma haka suka ɗauke ta, kuma nan ne babban inda muka saɓa. Keken da suka ba ni sambarka, kai kaya masauki ba makara, amma tsarin tafiyar an gina shi ne a kan ɗanɗana barasa, alhali abin da ya fi cancantar kallo a wannan yanki shi ne ƙasar da aikin da manoma suka zuba mata shekaru ɗaruruwa.

Yankin da nake nufi shi ne Côte d'Or, a Bourgogne da ke gabashin Faransa. Daga tashar Gare de Lyon ta Faris, jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum Dijon cikin sa'a ɗaya da rabi da ɗan kai. Daga bakin garin Dijon gonakin ke farawa, su miƙe kudu a jikin wani dogon tudu mai fuskantar gabas, su wuce Beaune, su dire Santenay, kimanin kilomita 60. Hanyar mota da aka ware wa masu yawon buɗe ido, Route des Grands Crus, tun 1937 take. Ta masu keke kuma, Voie des Vignes, tana bin ƙananan hanyoyin da manoma ke shiga gonakinsu da su, an kafa mata alamomi masu hoton keke.

Abin da aka biya wa kuɗi shi ne keken tsere mara nauyi, hular kwano, famfo, tib na sauyi da kayan faci, taswirar hanya a waya, masauki da karin kumallo, sai motar da ke ɗaukar jakarka da safe ta kai ta masauki na gaba. Makanikinsu ya burge ni. Bai miƙo mini keke ya juya baya ba. Ya auna tsayina, ya ɗaga sirdi, ya sa na zaga layin, na dawo ya ƙara gyarawa, ya duba birki da kaca a gabana. Giyar keken tana da sauƙin da ake buƙata a hawa, kuma har na mayar da shi ba ta taɓa tsalle ba. Tayoyin ne dai suka yi siriri da yawa. A kwalta mai santsi suna gudu, amma hanyar gona a watan Satumba, ana tsakiyar girbi, cike take da tsakuwa da laka da tarakta ta kwaso. Wanda zai je ya nemi taya mai faɗin milimita 30 ko 32 tun kafin ya biya.

Ɓangaren arewa, daga Dijon zuwa Beaune, kilomita 40 ne da ɗoriya. Ana ratsa Marsannay, Fixin, Gevrey-Chambertin, Chambolle-Musigny, Vougeot, Vosne-Romanée, Nuits-Saint-Georges. Ƙauyukan suna kusa da juna ƙwarai, kafin ka gama waiwayen hasumiyar cocin wannan ka hango ta na gaba. A nan ne taswirar kamfanin ta ɓata mini rai, don a wani wuri ta fitar da ni babban titin D974 mai manyan motoci, alhali ga hanyar gona a gefe tana tafiya waje ɗaya. Dokar ƙasar ta ce mota ta bar wa mai keke tazarar mita ɗaya da rabi a wajen gari, mita ɗaya a cikin gari, kuma yawancin direbobi suna kiyayewa. Duk da haka ba titin da za a tura baƙo ba ne. Alamomin hukuma da ke bakin hanya sun fi taswirar wayar inganci.

Wanda ya taso a gidan noma ba zai iya wuce waɗannan gonaki da gudu ba. Kurangar inabin gajeru ne, ba su wuce ƙugun mutum, an jera su layi-layi da tazarar kusan mita ɗaya, har ana samun tushe dubu 10 a kadada guda. Saboda matsin layukan ne taraktocinsu ke da dogayen ƙafafu, suna tafiya a kan layin inabin kamar sun haye shi. Wasu manoman ma sun koma huɗa da doki don kada nauyin inji ya danne ƙasa. Duwatsun da aka tsince daga gona ba a zubar ba: da su aka yi katangu, da su aka yi 'yan bukkokin dutse da mai aiki ke fakewa in ruwa ya sauko. Iri biyu ne kusan ko'ina, pinot noir baƙi da chardonnay fari. Kuma kusan kowane tushe da ka gani mai aure ne. Wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo Faransa daga Amurka a shekarun 1860, ya iso Bourgogne a ƙarshen shekarun 1870, ya kusa ƙarar da gonakin. Abin da ya cece su shi ne aura inabin gida a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suka san ƙasarsu taki-taki. An yanka jikin tudun nan gida 1,247, kowanne da sunansa da iyakarsa, bisa bambancin ƙasa, gangara, da yadda rana ke bugunsa. Hukumar UNESCO ta sa wannan tsari cikin kayan tarihi na duniya a 2015. Za ka ga gona biyu, wata siririyar hanya ce kawai ta raba su, amma darajar ɗaya ta ninka ta ɗayar sau da yawa, saboda ta sama tana kan dutsen farar ƙasa da ruwa ba ya kwanciya, ta ƙasa kuma tana da yumɓu. Gonar Romanée-Conti da duniya ta san sunanta ba ta kai kadada 2 ba. Katanga ce gajera da gicciyen dutse, ba ƙofa, ba mai gadi. A keke ne ake gane wannan bambanci, don ƙafarka ce ke gaya maka inda tudu ya fara.

A Vougeot akwai gona mai katanga, kusan kadada 50, wadda sufayen Kirista na Cîteaux suka kafa, waɗanda gidan ibadarsu ya samo asali tun 1098. Bayan juyin juya halin 1789 gwamnati ta ƙwace ta ta sayar. Daga baya saye da sayarwa da rabon gado suka daddatsa ta, yau masu ita sun kai wajen 80, wani layuka kaɗan kawai yake da su. Duk wanda ya ga yadda gonar kaka ke komawa 'yan kunyoyi bayan an raba gado sau biyu ko uku a garinmu zai gane wannan ba tare da an yi masa bayani ba.

To, ga matsalar. Littafin jagoran da kamfanin ya ba ni bai ce uffan a kan mafi yawan abin da na faɗa a sama ba. Kowane shafi jerin gidajen ɗanɗana barasa ne da lokacin buɗewarsu, kuma an cusa kuɗin wasu ziyarce-ziyarcen a cikin farashi. Na gaya musu tun a wasiƙar farko cewa ni Musulmi ne, ba na sha, ba na cin alade. Suka amsa da ladabi, suka soke ziyarar, amma ba su rage ko sisi ba, ba su kuma musanya ta da wani abu ba. Ga shi abin musanya bai yi wuya ba. A Beaune kaɗai akwai Hôtel-Dieu, asibitin talakawa da Nicolas Rolin da matarsa Guigone de Salins suka kafa a 1443, mai rufin tayil kala-kala, wanda ya ci gaba da karɓar marasa lafiya har 1971. Gadajen majinyata na nan jere a babban zauren da jajayen labule. Na biya da kaina na shiga, kuma ya fi mini duk abin da suka tsara.

Abinci yana son lura. Shahararrun girke-girken yankin, naman sa da zakara da ƙwai, duk da barasa ake dafa su. Akwai naman alade mai ganyen faski a kusan kowane teburi. Cukun Époisses da barasa ake wanke bayansa, har wani mustad ɗin Dijon ana zuba masa, don haka a karanta jikin kwalba. Na rayu a kan burodi, cuku, ƙwai, kifi, 'ya'yan itace, da wani ɗan burodin cuku mai taushi da ake kira gougère, wanda ya dace da aljihun mai keke. A Dijon akwai masallatai da mahautan halal. A ƙauyuka babu, sai dai ka shimfiɗa rigar ruwanka a gindin katanga ka yi sallarka ta matafiyi, kuma ban ga wanda ya ɗaga mini gira ba. Shagunan ƙauye suna rufewa da tsakar rana zuwa wajen ƙarfe biyu, da yawa ba sa buɗewa ran Litinin, saboda haka a sayi guzuri da safe. Ruwa kuma, yawancin maƙabartun ƙauye suna da famfo kusa da ƙofa, amma in an rubuta "eau non potable" a jiki ba na sha ba ne.

Ɓangaren kudu, Beaune zuwa Santenay, kimanin kilomita 22 ne ta Pommard, Volnay, Meursault, Puligny da Chassagne. Shi ne mafi sauƙi, ko yara za su iya, shi ya sa ya fi cunkoso da masu keken lantarki. Yana da kyau, amma mai keken tsere zai gama shi kafin jikinsa ya yi ɗumi.

Daɗin tuƙi na gaske yana sama, a tuddan da ke bayan gonakin, waɗanda ake kira Hautes-Côtes. Kamfanin ya saka su a matsayin zaɓi na ƙari a ƙarshen littafi, ni kuwa a ganina su ya kamata su zama ginshiƙin tafiyar. Daga Gevrey-Chambertin hanya na shiga kwarin Lavaux, tsakanin duwatsu masu tsayi da kurmi mai sanyi, tana hawa a hankali har ka fito fili a sama inda ake kiwon shanu da noman hatsi. A kudu kuma ana hawa ta Saint-Romain da Orches, ƙauyukan da ke manne a gindin farin dutse, a gangaro ta La Rochepot mai tsohuwar fada. Motoci kaɗan ne, kwalta lafiya lau, kuma daga can sama kana ganin layukan inabi sun sauka har filin kogin Saône. Ta cikin waɗannan tuddai gasar tseren keke ta Tour de France ta bi a 2024, daga Nuits-Saint-Georges zuwa Gevrey-Chambertin, tseren kilomita 25 da kowa ke gudu shi kaɗai da agogo, wanda Remco Evenepoel na Beljiyam ya lashe cikin ƙasa da minti 29. Shekarar ce kuma Biniam Girmay na Eritiriya ya ɗauki koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki a gasar. Gangarowa na son hankali a lokacin girbi, don tarakta mai jan akwatunan inabi na iya fitowa daga kowace kwana, kuma a cikin ƙauyuka wanda ya fito daga hannun dama ne ke da hanya in ba alamar da ta ce akasin haka.

Ga wanda bai jin Faransanci ko yake da kaya masu nauyi, cikakken tsarin kamfani zai sauƙaƙa masa, muddin ya sa an cire kuɗin ɗanɗanon a rubuce kafin ya tura kuɗi. 'Yan'uwanmu na Nijar da sauran masu jin harshen ba sa buƙatar wannan duka. Hayar keke kaɗai ta isa, a kama ɗaki a Beaune, a riƙa fita kowace safiya ta wata fuska. In gajiya ta zo a Santenay, hanyar keke da ke bin gefen hanyar ruwa ta Canal du Centre tana kai mutum Chagny a shimfiɗe, daga nan jirgin ƙasa na yanki zai mayar da shi Beaune ko Dijon da kekensa a ciki.