Hattara da mai tallan kayan sa tufafi na masu shanyewar ɓarin jiki a Kaduna

Assalamu alaikum jama'ar Kaduna. Duk mai jinyar tsoho a gida, musamman mai shanyewar ɓarin jiki ko ciwon gaɓɓai, ya daure ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi.

Wata takwas ke nan da ɓarin dama na mahaifinmu ya shanye. Alhamdu lillahi baki ya dawo, yana takawa da sanda, hannun ne dai har yau bai riƙe komai. Sa kaya shi ya fi ci masa rai. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da 'ya'yan mutane a Tudun Wada, yau sai ƙanena ya ɗaure masa tazuge. Wata Juma'a na leƙa ɗakinsa, na tarar ya cije bakin tazugen da haƙori yana ja da hannun hagu, gumi ya jiƙa singileti, ya ƙi kiran kowa. Da ya gan ni sai ya kau da kai ya ce, "Je ki abinki, uwata." Abin da na gani ran nan shi ya jefa ni hannun ɓarawon nan.

A Facebook na ci karo da tallansa: bidiyon wata tsohuwar Baturiya tana zura safa da wata roba mai igiya biyu, tana ɓalle maɓalli da hannu ɗaya. Na yi masa magana ta WhatsApp, nan take ya turo murya da Hausa tsantsa, "Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya, Allah ya sa kaffara ne." Ya ce kayan daga Jamus suke, kuɗinsu naira 120,000, amma akwai tallafin gwamnati, in biya 68,000. Har takarda ya turo mai tambari da sunan hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa. Hukumar gaskiya ce, an kafa ta bisa dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, sunanta kawai ya ara. Ya ƙara da cewa kayan suna tayar da jijiyar da ta mutu cikin kwana 40. Nan ya kamata in farga, amma mai neman sauƙi ga mahaifinsa ba ya jin kira.

Na ce zan zo ofis in gani, ya ce suna Ahmadu Bello Way amma kayan suna Legas tukuna. Asusun da ya bayar sunan wata mata ne, wai akawunsu ce. Na tura. Bayan kwana huɗu ya ce kwastan sun riƙe kaya, a ƙara 17,000. Na ƙara, don an riga an shiga ruwa. Sati biyu sai ga kiran wani direba daga tashar Kawo. Kwali ne ƙarami an naɗe shi da salatif kamar abin arziki. A ciki akwai cokalin takalmi na roba, gajere, da wata sandar ɗauko abu wadda bakinta ya karye a gwajin farko, sai safa ƙafa biyu. Kafin in isa gida ya toshe lambata.

Da na kai kwalin wurin mai yi wa Baba gashin ƙashi a asibiti, sai ta girgiza kai ta ce ni ce ta uku. Ita ta fahimtar da ni cewa kayan nan akwai su da gaske kuma suna da amfani: ƙugiyar maɓalli waya ce da aka lanƙwasa aka yi mata mariƙi mai kauri, sandar sa kaya itace ne mai ƙugiya a baki, cokalin takalmi mai dogon hannu don wanda ba ya iya sunkuyawa. Babu batir, babu magani a jikinsu, ba sa warkar da komai. Ta kuma ce robar safar nan da ta ruɗe ni, yawancinta hannu biyu take so, ta fi dacewa da mai ciwon ƙugu ko baya. Ko da ta gaske ya aiko, Baba ba zai more ta ba. Balle ma yaushe rabon Baba da safa, in ba lokacin sanyi ba?

A zaune ta koya masa abin da ba ta karɓi ko kwabo a kai ba: hannun da ya shanye shi ake fara zurawa a riga, wajen cirewa kuma shi ne na ƙarshe. Sauran aikin wani tela a Kasuwar Bacci ya gama shi. Ya zare tazuge ya sa roba a wanduna biyar, ya buɗa wuyan jamfofin, ya sa abin mannewa irin na takalmin yara a ƙarƙashin maɓallan, daga waje ba mai ganewa. Duka kuɗin bai kai abin da na biya na "kwastan" ba.

Don Allah, kowa ya ce muku tallafin gwamnatin tarayya ne amma ku tura kuɗi asusun wani mutum, ku tsaya. Kuɗin hukumomin tarayya a asusun bai ɗaya na gwamnati ake zuba su. Kada ku biya abin da ba ku riƙe a hannu ba, kuma ku fara nuna wa mai gashin majinyacinku hoton kayan. Wanda ya riga ya tura, ya garzaya bankinsa a ranar da rasit da hotunan hirar, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna. Ni na yi jinkiri, kafin in je an kwashe kuɗin.

Shekaranjiya wata ƙawata a Rigasa ta turo mini wata murya tana tambaya ko na san mutumin. Shi ne, da sabuwar lamba da sabon suna. Yanzu keken guragu yake talla, kuma da "Allah ya sa kaffara ne" ya fara.