Makarantar hutun yara a cocinmu: ƙofa a kulle, WhatsApp a buɗe

Mata da yawa sun tare ni da tambaya kan makarantar hutu da cocinmu ta yi wa yara nan cikin garin Katsina a watan Agusta, wai ko baɗi su kawo nasu, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Sunan cocin kam ba zan kira ba, wanda ya sani ya sani. Kwana shida aka yi, Litinin zuwa Asabar, ƙarfe 8 na safe zuwa 1 na rana, rajista naira 2,000 duk yaro, a ciki har da biskit da zoɓo da ɗan littafin zane. Ni biyu na kai, babbar mai shekara 9 da ƙaninta mai 5.

Karatu dai lafiya lau, labarin Yusufu da 'yan'uwansa, waƙoƙi, haddar aya, yanzu ƙaramin ya ishe mu da Zabura 23 har a banɗaki.

Inda suka burge ni sosai bakin ƙofa ne. Ka kawo yaro da safe, a ba ka kati mai lamba, irin lambar da aka maƙala masa a wuya, in ba kati ba yaro. Ranar Laraba ruwa ya tsare ni a babbar kasuwa, na kira ƙanina na ce ya ɗauko su a babur, na manta katin na cikin jakata. Yara na hango shi suka ruga suna Kawu! Kawu! amma dattijuwar da ke kan tebur ta ce a'a. "Ɗana, na ga sun san ka, sai dai ba kai aka rubuta ba, ga benci zauna mu kira uwarsu." Ya karanto mata lambata daga wayarsa, ta ƙi, sai da ta buɗe fom ta kira wadda na rubuta da hannuna. Gaskiya a lokacin raina ya ɓaci, ga ruwa ga kaya ga ƙani na ta yi min faɗa a waya, amma da na kwanta da dare na tuna yadda aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, sai na ji da ma ta ƙara tsanantawa. Kuma kowane aji malamai biyu ne, ba a rufe ƙofa, yaro in zai zaga mace ce ke raka shi ta tsaya daga waje. Hoto ma sun tambaya a fom, wanda ya ce kar a sa ɗansa a Facebook an ɗaura masa jan zare a hannu, mai kyamara ya kauce masa.

To ga inda gizo ke saƙar.

Fom ɗin rajistar nan ba abin da bai tambaya ba, ranar haihuwa, makarantar bokon yaro, kwatancen gida, lambar uwa, lambar uba, har wurin aikin uban, ni dai me ya haɗa haddar aya da ofishin maigidana? Sai layin ƙarshe, ko yaro na da wata lalura. Babbar tawa sikila ce da ita, dole in rubuta, don malamai su san a riƙa ba ta ruwa akai-akai, kar a bar ta ruwan sama ya doke ta ko ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. Ran Alhamis da dare kawai sai ga hoton shafin rajista a guruf ɗin WhatsApp, wai kowa ya duba ko an rubuta sunan ɗansa daidai saboda satifiket, guruf ɗin da har waɗanda ba su kawo yara ba suna ciki. Ga unguwarmu, ga lambata, ga SS da jan biro gaban sunan 'yata.

Ran Lahadi bayan sujada sai ayya ke tashi ta ko'ina, wata ta shafa mata kai tana cewa Allah dai ya ba ta miji mai AA. Yarinya 'yar shekara 9 fa! A keke napep muna komawa gida ta ce min, "Mama, yanzu kowa ya sani ke nan?" Na rasa me zan ce mata.

Na samu shugabar malaman na ce Mama wannan ba daidai ba ne, kuma akwai doka a kai. Tun Yunin 2023 shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan mutane, akwai hukumarta ma, NDPC, kuma ba banki da kamfanin waya kaɗai ta shafa ba, duk mai tara bayanan jama'a ne. Bayanin lafiya da na addini na cikin waɗanda ta ce a fi kaffa-kaffa da su, na yaron da bai kai 18 ba kuwa sai da yardar iyaye. Ni na yarda malamai su sani, ban yarda a watsa ba. Ba ta yi musu ba, ta ce 'yata ki yi haƙuri, wani matashi ne cikin masu taimako ya ɗauka da zuciya ɗaya. An goge hoton, amma ai ya riga ya sauka a wayoyin mutane. Ta dai yi alkawari littafin zai koma cikin durowa mai makulli a ofishin fasto, kuma za a rage tambayoyin fom.

In maki ne na ba su 3 da rabi cikin 5. Baɗi zan sake kai su, don ƙaramin har ya fara ƙirga watanni, sai dai layin wurin aiki zan bar shi fari fat, maganar sikila kuma a wata takarda daban zan rubuta in danƙa wa malamar ajinta hannu da hannu. Katin ma zan sa ƙanina a jerin masu ɗauka, don har yau bai huce da zaman bencin nan ba.