Gargaɗi ga masu naɗar karatu da waƙa a Gombe: ku kula da mai tallar katin sauti

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani mutum da ke shiga zaurukan WhatsApp da Facebook na masu ƙananan situdiyo da matasan da ke naɗar tafsiri a masallatai, musamman Pantami, Jekadafari da Tudun Wada, yana tallar katin sauti na kwamfuta, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta da fitar da shi, wai na asali daga Ingila. Kama sunansa ba zai amfana ba, don yana canza suna da lamba kamar riga. Salonsa ne ba ya canzawa.

Zai ce ka turo masa abin da ka naɗa. Da ya ji wannan gurnanin da ke ƙarƙashin murya, sai ya ce katin cikin kwamfutarka ya mutu. Daga nan ya turo maka wata murya tas, ya rantse da na'urarsa aka ɗauke ta, ya nemi rabin kuɗi kafin ya sa kaya a mota. Wasu daga nan ba su sake jin ɗuriyarsa ba. Waɗanda kaya ya iso musu kuma, jan akwati suka gani da sunan Focusrite, kamfanin kayan sauti na Ingila, a jiki, amma cikinsa ɗan guntun allo ne irin na ƙananan na'urorin USB masu araha da ake rubuta wa 7.1, wai hanyoyin sauti takwas, alhali sauti biyu kawai suke fitarwa, hagu da dama. Maɓallin 48V, mai tura wa makirufo wuta, yana kawo haske, amma makirufon kondensa, irin na situdiyo mai buƙatar wannan wuta, ba ya tashi, domin babu wutar da ke isa gare shi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, yawancin waɗanda ya cuta katinsu lafiyarsa ƙalau. Gurnanin nan galibi daga wuta yake zuwa. Wutarmu tana tafiya a kan 50Hz, kuma caja marar kyau, janareta, ko waya marar kariya suna shigar da wannan ƙara cikin naɗi. Zare cajar laftof, ka naɗa da batir kaɗai, ka saurara. Sau da yawa shi ke nan. Ka raba wayar makirufo da wayar wuta, ka rage ƙarin ƙarfin makirufo a saitin Windows, ka matso da shi kusa da bakin malam maimakon ka ɗaga ƙarfi daga nesa. Ɗaki mai amsa kuwwa labule da darduma yake so, babu katin da zai gyara shi. Haka karatun da aka riga aka matse a MP3 mai 128kbps, abin da ya zube ya zube.

Yana kuma sayar da wata "lambar buɗe sauti". Ƙarya ce. Manhajar Realtek da yawancin kwamfutoci ke aiki da ita kyauta ce, haka manhajojin sauti ASIO4ALL da Audacity. Zaɓen 24-bit da 48kHz yana nan cikin saitin sauti, idan katinka na ɗauka, ba a biyan ko kwabo.

In har kana buƙatar kati na waje, ka je da kwamfutarka da makirufonka, ka jona, ka naɗi muryarka a gaban mai kaya. Buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke jone da kwamfuta, ka ga sunan da na'urar ta bayyana da shi. Focusrite na gaske yana da lambar da ake yi wa rajista a shafin kamfanin. Wanda ya ƙi a gwada, ka riƙe kuɗinka.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya adana rasit da hirarrakinsu, ya garzaya bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Gombe. Don Allah a isar wa kwamitocin masallatai kafin azumi, lokacin ne ake tara kuɗin jama'a a sayi kayan naɗar tafsiri.