Way Down East: faifan Kino ya ci kuɗinsa, kwafin intanet kuwa a yi hattara

Fim ɗin Way Down East na 1920, marar magana, ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka a Amurka, shi ya sa kwafinsa ya cika intanet, kuma yawancinsu ba su cancanci datar da za a ƙona a kansu ba. Wanda ya ci kuɗinsa shi ne faifan kamfanin Kino, DVD ko Blu-ray, da aka ɗauko daga gyaran da gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya yi. Tsawonsa ya kusa awa biyu da rabi. Idan mai tura fim a Kasuwar Barci ko Tudun Wada ya ba ka wanda bai kai awa biyu ba, to yankakke ne.

Asalin labarin wasan dandamali ne na Lottie Blair Parker, wanda Joseph Grismer ya yi wa kwaskwarima, aka yi ta yawo da shi a garuruwan Amurka tun ƙarshen shekarun 1890. Darakta D. W. Griffith ya biya dala 175,000 kafin a ba shi izinin mayar da shi fim, a lokacin da mutane ke ganin wasan ya riga ya tsufa. Mai kallon finafinan Hausa ba zai ji baƙunta ba. Anna Moore, wadda Lillian Gish ta fito a matsayinta, 'yar ƙauye ce matalauciya da wani ɗan masu kuɗi, Lennox Sanderson, ya yaudara da auren bogi. Ta haihu, jaririn ya rasu, ta samu aikatau a gonar Squire Bartlett, ɗan gidan, David, ya kamu da sonta. Sai wata magulmaciya ta tono tsohon zance, maigida ya kore ta cikin dare ana zuba dusar ƙanƙara.

Babban abin da ya raba kwafin kirki da na banza shi ne gudun hoto. Da hannu ake juya kyamarar wancan zamani, kuma yawanci ba ta kai hoto 24 a daƙiƙa ba, wanda shi ne ma'aunin finafinan sauti. In aka kunna fim ɗin da gudun sauti sai mutane su riƙa tafiya kamar ana kora su. Wannan yana kashe wasan Gish, domin ƙarfinta yana cikin ƙananan motsi ne: ido, leɓe, yadda take riƙe hannun jariri. A wurin da ta yi wa jaririn baftisma da kanta, sannan ta ga jikinsa ya yi sanyi, kwafin Kino yana barin fuskarta ta daɗe a allo har abin ya taɓa zuciya. A kwafi mai gudu da dishi-dishi, fuskar farin tabo ce kawai.

Sai kiɗa. Fim marar magana ba a saba nuna shi shiru ba, da makaɗa ake kallonsa. Faifan Kino yana ɗauke da kiɗan ƙungiyar Mont Alto, wanda ke bin abin da ke faruwa. Kwafin intanet da dama an liƙa musu fiyano guda da ke ta maimaita kansa, ana makoki ana kiɗan biki. Launi ma haka: rini ne aka yi wa fim ɗin, shuɗi na dare, ruwan ɗorawa na cikin ɗaki. Wanda ya fito fari da baƙi zalla ya rasa alamar da ke nuna dare ya yi.

Faifan bai rasa aibu ba. Akwai karce da tabo a wurare da yawa, kuma inda wani yanki ya ɓace an cike gurbin da rubutu ko hoton tsaye, abin da kan sa wasu su zaci faifan ne ya maƙale. Barkwancin mutanen ƙauye da aka gado daga wasan dandamalin yana jan tsakiyar fim ɗin fiye da kima. Rubutun allo duk da Turanci ne, na da kuma, don haka in a taro za a kalla, a samu mai fassarawa da sauri.

Ƙarshen fim ɗin shi ne ladan haƙuri, kuma babu shi a wasan asali. Anna ta suma a kan faifan ƙanƙara da kogi ke ja zuwa gangaren ruwa, David yana tsalle daga wannan zuwa wancan. An ɗauki yawancinsa a White River Junction ta jihar Vermont cikin sanyi na gaske, gashin Gish da hannunta suna cikin ruwan, hannun kuwa bai koma daidai ba har ƙarshen rayuwarta. Gangaren da ake hangowa na Niagara ne, haɗin hoto ne ya kawo shi kusa. Ɗaliban harkar fim a Kaduna su tsayar da wurin nan su ƙirga yadda ake yanka tsakanin fuska, ƙanƙara da ruwa.

Kafin a yi oda a duba kullin yanki, wato tsarin da ke hana faifan wani yankin duniya aiki a na'urar wani yankin. Blu-ray na Amurka yanki A ne, namu B. DVD ɗinsu yanki 1, namu 5, don haka sai na'ura mai cin kowane yanki. A saita talabijin a kan 4:3, in ba haka ba fuskoki za su baje. In da janareta za a kalla, a tanadi man awa uku, kada wuta ta ɗauke Anna tana kan ƙanƙara.